Morn da Morrow

*Morn* da *morrow* tsofaffin kalmomi ne na harshen Turanci waɗanda a yau ba a cika jin su a maganar yau da kullum ba, sai a waƙoƙi, da wasannin kwaikwayo na dā, da tsofaffin fassarorin Baibul. *Morn* na nufin safiya ko wayewar gari. *Morrow* ita ma da farko safiya take nufi, daga baya ma'anarta ta koma "washegari", wato ranar da ke bin wadda ake magana a kanta. Dukansu biyu sun fito ne daga kalma ɗaya ta Tsohon Turanci, *morgen*, kuma a kansu aka gina *morning* (safiya) da *tomorrow* (gobe) da ake amfani da su yanzu.

Mutane da yawa sukan ɗauka mawaƙa ne suka gutsure *morning* suka samar da *morn*, suka kuma yanke kan *tomorrow* suka bar *morrow*. Tarihin harshen ya nuna akasin haka. Gajerun su ne tushe, dogayen kuwa an same su ne ta hanyar ƙara wa tushen wani abu a gaba ko a baya. Da dogayen suka mamaye bakin jama'a, sai gajerun suka rage a hannun marubuta waƙa, har aka riƙa ganinsu kamar kayan adon waƙa kawai.

## Asali

Tsohon Turanci shi ne nau'in harshen da aka yi magana da shi a Ingila tun daga ƙarni na 5, lokacin da ƙabilun Angil da Sakson da Jut suka tsallako daga arewacin nahiyar Turai, har zuwa wajajen shekarar 1150. A wannan harshe kalmar safiya ita ce *morgen*, suna ce mai jinsin namiji. A wasu rubuce-rubuce ana samunta da siffar *mergen*, *merigen* ko *margen*, gwargwadon karin harshen marubucin da zamaninsa.

Kalmar tana da 'yan'uwa a sauran harsunan dangin Jamusanci:

- Harshen Got: *maurgins*, a fassarar Baibul da Wulfila ya yi a ƙarni na 4
- Tsohon harshen Nos: *morginn* ko *morgunn*
- Tsohon Jamusanci: *morgan*
- Jamusancin yau: *Morgen*
- Harshen Holan da na Denmak: *morgen*
- Harshen Suwidin: *morgon*
- Harshen Aisland: *morgunn*

Da masana suka jera waɗannan siffofi suka kwatanta su, sai suka maido da siffar da ake jin ita ce uwarsu a harshen da duk dangin suka fito daga cikinsa. Ana rubuta ta *murganaz* ko *murginaz*, tare da alamar tauraro a gaba don nuna cewa ba a same ta a rubuce ba, ta hanyar kwatance aka gano ta. Wasu masana suna danganta ta da wani tsohon tushe na harsunan Indiya da Turai mai ma'anar ƙyalli ko ƙiftawa, suna kafa hujja da aikatau *mirgėti* na harshen Lituweniya, wanda ke nufin ƙyalƙyali. A bisa wannan ra'ayi, an sa wa safiya suna ne daga ɗan hasken farko da ke ɓullowa kafin fitowar rana.

## Yadda kalma ɗaya ta rabu biyu

Harafin *g* da ke tsakiyar *morgen* ba a furta shi kamar *g* na "gida". Sauti ne da ake yi a hanɗa iska na zuza, kusa da harafin gaini na Larabci. A farkon zamanin Turancin Tsakiya, wanda ya kama daga wajajen 1150 zuwa 1500, wannan sauti ya yi laushi ya koma *w* a bayan baƙaƙen *r* da *l*. Ta haka *morgen* ta zama *morwen*.

Wannan sauyi bai tsaya a kan kalma ɗaya ba, ya shafi duk masu irin wannan ƙira:

- *sorg* ta zama *sorrow* (baƙin ciki)
- *borgian* ta zama *borrow* (ara, ranta)
- *folgian* ta zama *follow* (bi)
- *mearg* ta zama *marrow* (ɓargo)
- *swelgan* ta zama *swallow* (haɗiye)
- *hālgian* ta zama *hallow* (tsarkake)

Daga *morwen* hanya ta rabu biyu. A hanya ta farko, *n* na ƙarshe ya faɗi, kamar yadda ya faɗi a kalmomi masu yawa a wancan zamani, aka sami *morwe*. Daga baya wani wasali ya shiga tsakanin *r* da *w*, aka riƙa rubuta *morowe* da *morow*, har rubutun ya tsaya a kan *morrow*. A hanya ta biyu, *n* ɗin ya zauna, tsakiyar kalmar ce ta matse, *w* ya ɓace, gaɓa biyu suka koma ɗaya, aka sami *morn*. Wannan siffa ta fi ƙarfi a arewacin Ingila da Sikotland.

Masana harshe suna kiran irin waɗannan tagwayen kalmomi, wato kalmomi biyu masu tushe ɗaya da suka bambanta a furuci, daga nan kowacce ta kama nata aiki. Faɗuwar *n* ta haifar da wasu tagwayen a Turanci, irin su *maiden* da *maid* (budurwa), da *even* da *eve* (maraice).

## Samuwar morning da tomorrow

*Morning* ta fara bayyana a rubuce a ƙarni na 13, da siffofi irin su *morwening* da *morwenynge*. An gina ta ne ta hanyar liƙa ɗafa-ƙeyar *-ing* a jikin *morwen*, ana kwaikwayon ƙirar *evening*. Ita *evening* ta girme ta, domin tun a Tsohon Turanci akwai *ǣfnung*, daga aikatau *ǣfnian* mai ma'anar "maraice ya yi". Saboda haka ma'anar *morning* ta farko ita ce ƙaratowar safiya, lokacin da gari ke cikin wayewa. Sannu a hankali ta faɗaɗa ta rufe dukan lokacin da ke tsakanin asuba da tsakar rana, ta ture *morn* da *morrow* daga wannan gurbi. A ƙarni na 18 da na 19 ma, masu hali a Ingila sun ja ma'anarta har zuwa lokacin cin babban abincin yini, wanda ya riƙa matsawa zuwa yamma. Shi ya sa ziyarar da suke kira *morning call* galibi bayan tsakar rana ake yin ta.

*Tomorrow* kuwa asalinta kalmomi biyu ne. A Tsohon Turanci ana cewa *tō morgenne* ko *tō morgen*, wato "da safe", ana nufin safiyar da ke tafe. Ƙaramar kalmar *tō* a nan lokaci take nunawa, kuma ita ce dai a cikin *today* (yau), daga *tō dæge*, da *tonight* (daren yau), daga *tō niht*. A Turancin Tsakiya an rubuta *to morwe* da *to morwen*. An daɗe ana rubuta su a rabe, daga baya aka riƙa haɗa su da karan-ɗori, *to-morrow*. Wannan rubutu ya ci gaba a littattafai da jaridu har cikin ƙarni na 20 kafin a jefar da karan-ɗorin.

Akwai wasu harɗaɗɗun kalmomi na wannan gida da ba su rayu ba. *Amorwe* na nufin "da safe" ko "washegari". *Morrowtide* na nufin lokacin safiya. *Overmorrow* na nufin jibi, ta kuma fito a fassarar Baibul ta Miles Coverdale ta shekarar 1535. 'Yan'uwanta suna nan da ransu a Jamusanci, *übermorgen*, da harshen Holan, *overmorgen*, amma Turanci ya yar da ita. Abin da Hausa ke faɗa da kalma ɗaya, jibi, Turancin yau sai ya jera kalmomi huɗu.

## Daga safiya zuwa washegari

Tun a Tsohon Turanci *morgen* tana ɗauke da ma'ana biyu. Idan mai ba da labari ya ce mayaƙa sun kwana a wuri kaza, *on morgen* suka tashi, to safiyar da yake nufi dole ta rana mai biyowa ce. Haka ma mutumin da ya ce da daddare zai yi abu "da safe", gobe yake nufi. Da yake safiya ita ce ƙofar sabuwar rana, sai sunanta ya koma sunan ranar gaba ɗaya. Bayan kalmar ta rabu biyu, *morn* ta riƙe ma'anar safiya, *morrow* kuma ta karkata ga ma'anar rana mai biyowa, musamman a cikin furucin *on the morrow*.

Akwai bambanci tsakanin *tomorrow* da *morrow*, kuma daidai yake da bambancin "gobe" da "washegari" a Hausa. Gobe ana lissafa ta ne daga ranar da mai magana yake ciki. Washegari kuwa ana lissafa ta daga ranar da aka ambata a labari, ko da shekaru ɗari sun wuce. Don haka idan tsohon littafi ya ce sarki ya isa birni, *on the morrow* ya zauna da fadawansa, fassarar da ta dace ita ce "washegari", ba "gobe" ba. A kalmar washegari ma ana jin washewar gari, wato ita ma daga hoton safiya ta samo ma'anarta.

Ma'anar safiya ba ta bar *morrow* nan take ba. Ta daɗe a cikin gaisuwar *good morrow*, wadda ke nufin "barka da safiya". Ɗalibai kan yi kuskuren fassara ta da fatan gobe mai kyau. A zamanin William Shakespeare (1564–1616) ana yin wannan gaisuwa kafin tsakar rana, bayan nan sai a koma *good even* ko gajeriyarta *good den*. A wasan *Romeo and Juliet* akwai wurin da mai rainon Juliet ta yi gaisuwar safiya, Mercutio ya mayar mata da ta yamma yana tsokanarta cewa rana ta riga ta take tsaka.

Sauyin ma'ana daga safiya zuwa gobe ya faru a harsuna da dama:

- A Jamusanci *Morgen* da babban harafi safiya ce, *morgen* da ƙarami gobe ce. Don kauce wa maimaici, "gobe da safe" sai a ce *morgen früh*.
- A Sifaniyanci *mañana* na ɗaukar ma'anonin biyu.
- *Demain* ta Faransanci da *domani* ta Italiyanci sun fito daga *de mane* na Latin, "da safe". Faransanci yana kuma da *lendemain*, wadda ke aikin washegari.
- A Rashanci *utro* safiya ce, *zavtra* (gobe) kuma a kanta aka gina ta.
- *Jutro* gobe ce a harshen Polan, amma safiya ce a harshen Sabiya da Kuroshiya.
- A daidaitaccen Larabci *bukra* sassafe ce, a karin harshen Masar da Sudan da Sham kuwa gobe take nufi. Haka *gad* (gobe) da *gudwa* (sassafe) tushensu ɗaya.

## Takwarorinsu na maraice

Abin da ya sami *morgen* ya sami kalmar maraice, *ǣfen*. Ta rabu zuwa *even* da *eve*, sannan *evening* ta karɓe aikin yau da kullum ta bar su ga mawaƙa. Sai dai ma'anar *eve* baya ta nufa. Yayin da *morrow* ta zama ranar da ke bin wata rana, *eve* ta zama daren ko ranar da ke gabanta, wato jajibiri. *Christmas Eve* ita ce jajibirin Kirsimeti, 24 ga Disamba. Sunan bikin *Halloween* na 31 ga Oktoba ma gajarcewar *All Hallows' Even* ne, jajibirin ranar tunawa da dukan tsarkaka ta 1 ga Nuwamba.

Dalilin haka yana cikin yadda ake lissafin kwanaki a dā. Marubucin Rum Tacitus ya ambata a littafinsa *Germania*, wajajen shekara ta 98 Miladiyya, cewa ƙabilun Jamusawa da dare suke ƙirga lokaci, kuma a wurinsu dare ne ke jagorantar yini. Cocin Kirista ma yana fara bukukuwansa daga maraicen da ya gabata. A Tsohon Turanci *Frīgeǣfen*, "maraicen Juma'a", maraicen Alhamis ake nufi, kamar yadda Bahaushe ke kiran daren Alhamis wayewar Juma'a da sunan daren Juma'a. Ragowar wannan ƙirga tana cikin *fortnight* (mako biyu), daga "dare goma sha huɗu", da tsohuwar *sennight* (mako ɗaya), daga "dare bakwai".

## Sauran kalmomin safiya a Tsohon Turanci

Waƙar Tsohon Turanci ba ta dogara da amsa-amon ƙarshen ɗango ba. Abin da ke ɗaure ɗango shi ne maimaita sautin farkon kalmomi masu nauyi. Wannan tsari yana buƙatar kalmomi da yawa masu ma'ana ɗaya amma masu farawa da sauti dabam-dabam, shi ya sa mawaƙan suka yawaita harɗa kalmomi. Daga cikin kalmomin safiya da aka samu a rubuce akwai:

- *ūhta*: ƙarshen dare gab da asuba. Daga ita aka sami *ūhtsang*, addu'ar da ake rerawa a coci a wannan lokaci.
- *dægrēd*: hudowar alfijir.
- *dagung*: wayewar gari, daga aikatau *dagian*, "gari ya waye". Ta wannan gida *dawning* da *dawn* suka fito.
- *ǣrmorgen*: sassafe.
- *morgentīd*: lokacin safiya.
- *morgenlēoht*: hasken safiya.
- *undern*: hantsi, wajajen ƙarfe 9 na safe.
- *dægsteorra* da *ēarendel*: tauraron asuba, gamzaki.

A waɗannan waƙoƙi safiya sau da yawa lokacin baƙin ciki ce. A *Beowulf*, doguwar waƙa mai ɗango 3,182 da ta tsira a kundi ɗaya tak na wajajen shekara ta 1000, dodon nan Grendel da dare yake kai hari, da safe kuma mutane ke ganin ɓarnar da ya yi. Kukan da suke yi a lokacin mawaƙin ya kira shi *morgenswēg*, "ƙarar safiya". Bayan mutuwar gwarzon waƙar, an siffanta masun da jama'arsa za su ɗauka don yaƙin da ke tafe da *morgenceald*, "masu sanyin safiya". Macijin da ke tsaron dukiya a waƙar kuma an kira shi *ūhtfloga*, "mai tashi sama kafin asuba". A wata gajeriyar waƙa ta kundin Exeter na ƙarni na 10, wadda ake kira *The Wife's Lament*, an yi amfani da *ūhtcearu*, damuwar da ke hana mutum barci a ƙarshen dare. Kusan duk waɗannan harɗaɗɗun kalmomi sun mutu tare da salon waƙar da ya haife su, bayan Nomawan Faransa sun ci Ingila a 1066 kuma amsa-amon ƙarshen ɗango ya sami gindin zama.

## A waƙa da adabi

A zamanin Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, *morwe* kalma ce ta kowa da kowa. Yana amfani da ita a *The Canterbury Tales* da ma'anar safiya da ta washegari, ba tare da wani nauyin ado ba. Kalmomin sun fara ɗaukar ƙanshin tsufa ne daga ƙarni na 16, lokacin da *morning* da *tomorrow* suka gama kafuwa.

Abubuwa uku suka riƙe su a waƙa. Na farko ma'aunin waƙa ne. Waƙar Turanci tana ƙirga gaɓoɓi da nauyinsu, don haka mawaƙin da ke da *morn* mai gaɓa ɗaya, da *morning* da *morrow* masu biyu, da *tomorrow* mai uku, yana da zaɓi gwargwadon gurbin da ya rage masa a ɗango. Na biyu amsa-amo ne. *Morn* na amsa wa *born*, *corn*, *horn*, *thorn* da *forlorn*, yayin da kalmomin da ke amsa wa *morning* kaɗan ne. *Morrow* kuma na tafiya da *sorrow* da *borrow*, saboda dukansu sauyin sauti ɗaya ya samar da su. Wannan ya sa haɗa washegari da baƙin ciki ya zama ruwan dare a waƙoƙin rabuwa, har da bankwanan da Juliet ta yi wa Romeo a lambun gidansu. Na uku kuwa daraja ce. Fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 tana yawan amfani da *on the morrow* wajen ba da labari, kuma da yake an shafe ƙarnoni ana karanta ta a coci-coci, furucin ya sami kwarjini a kunnen jama'a.

Edmund Spenser, a *The Faerie Queene* (1590 da 1596), da gangan ya riƙa tono tsofaffin kalmomi don waƙarsa ta yi kama da ta magabata, har Ben Jonson ya soke shi da cewa abin da ya rubuta ba harshen kowa ba ne. John Donne ya sa wa ɗaya daga waƙoƙinsa na soyayya suna *The Good-Morrow*, wadda aka buga a 1633 bayan rasuwarsa, inda gaisuwar safiya ke wakiltar farkawar masoya biyu zuwa sabuwar rayuwa. John Milton ya yawaita *morn* a *Paradise Lost* (1667). Shakespeare kuwa ya yi aiki da tsoho da sabo. Jaruminsa Macbeth, da aka kawo masa labarin mutuwar matarsa, kalmar yau da kullum ya ɗauka, *tomorrow*, ya maimaita ta sau uku a jere don nuna kwanaki masu jan ƙafa marasa amfani.

A ƙarni na 18 an sami wani keɓaɓɓen rumbun kalmomi da ake ganin su ne suka dace da waƙa, *morn* da *eve* na cikinsu. William Wordsworth ya yi suka a kan wannan al'ada a gabatarwar *Lyrical Ballads* ta 1800 da ƙarin bayanin da ya yi a 1802, yana kira da a rubuta waƙa da harshen da mutane ke magana da shi. Duk da haka kalmomin ba su gushe ba. Waƙar abokinsa Samuel Taylor Coleridge, *The Rime of the Ancient Mariner* (1798), wadda ke cikin wannan littafi, ta ƙare ne da tagwayen biyu a jere, *morrow* sannan *morn*, da ma'anar safiyar washegari. John Keats da Alfred Tennyson da William Morris duk sun ci gaba da amfani da su a ƙarni na 19. A ƙarshen ƙarnin aka fara yi wa irin wannan salo laƙabin *Wardour Street English*, daga sunan wani titi a Landan da ya yi suna wajen sayar da kayan dā, na gaske da na jabu. Mawaƙan farkon ƙarni na 20, irin su Ezra Pound da T. S. Eliot, sun juya wa wannan rumbu baya, daga nan *morn* da *morrow* suka fita daga sabuwar waƙa.

## A shari'a da al'ada

*Morgen* ta bar sawu a wajen adabi. A dokokin Sarki Æthelberht na Kent, na wajajen shekara ta 600, waɗanda su ne mafi tsufan dokoki da aka rubuta da Turanci, an ambaci *morgengifu*, "kyautar safiya". Dukiya ce, wani lokaci har da gona, da ango ke bai wa amarya washegarin ɗaurin aure. Jamusawa suna kiranta *Morgengabe*. Daga wannan kalma Latin na tsakiyar zamani ya samar da *morganaticum*, wadda ta haifi *morganatic* a Turanci. Ana amfani da ita ga auren ɗan sarauta da macen da ba ta kai shi matsayi ba, inda ita da 'ya'yanta ba sa gadon sarauta, abin da ke hannunta kawai kyautar safiyar ce. Sanannen misali shi ne auren yarima Franz Ferdinand na Ostiriya da Sophie Chotek a 1900.

A takardun shari'ar Ingila ana sa kwanan wata da washegarin bukukuwan coci. *The morrow of All Souls* ita ce 3 ga Nuwamba, *the morrow of St Martin* kuma 12 ga Nuwamba, ranar da aka saba gabatar da sunayen waɗanda za a naɗa manyan sharif-sharif na gundumomi. A takardun Latin ana rubuta *in crastino*, daga *cras* (gobe), tushen da ya ba Turanci *procrastinate*, ɗage aikin yau zuwa gobe. Ƙungiyoyin masu sana'a na tsakiyar zamani suna kiran taronsu *morrow-speech* ko *morn-speech*, sannan addu'ar farko ta yini a coci ita ce *morrow-mass*.

A Jamus da Holan *morgen* ta zama ma'aunin fili, wato gwargwadon abin da mutum zai iya nomewa da shanu a safiya ɗaya. Turawan Holan sun kai wannan ma'auni Afirka ta Kudu, inda *morgen* ɗaya ta kai kusan hekta 0.86.

## Amfani a yau

A daidaitaccen Turanci ƙamusoshi suna yi wa *morn* da *morrow* alamar "ta waƙa" ko "tsohuwa". Ana samunsu a waƙoƙin coci, da littattafan ƙirƙira masu labarin zamanin dā irin na J. R. R. Tolkien, da fina-finai da wasannin kwamfuta masu kwaikwayon wancan zamani, da kuma raha. Wanda ya sa su a wasiƙar neman aiki ko rahoton ofis zai zama kamar mai wasa.

A Sikotland labarin dabam ne. A harshen Scots *morn* kalma ce ta yau da kullum, kuma *the morn* na nufin gobe, kamar yadda *the day* ke nufin yau, *the nicht* kuma daren yau. "Gobe da safe" ita ce *the morn's morn* ko *the morn's mornin*, "gobe da dare" kuma *the morn's nicht*. A wasu karin harsunan arewacin Ingila an adana *to-morn* da ma'anar gobe. Wato a arewa *morn* ce ta bi hanyar da *morrow* ta bi a kudu.

## Kalmomin da ake rikita su da su

*Mourn* (yin makoki) da *mourning* (makoki) ba su da dangantaka da *morn* da *morning*. Sun fito ne daga aikatau *murnan* na Tsohon Turanci, mai ma'anar damuwa ko baƙin ciki. A dā wasulansu sun bambanta, kuma har yanzu masu magana da yawa a Sikotland da Ailan suna bambanta su a furuci. A yawancin Ingila da Amurka sautukan biyu sun haɗe, abin da ya ba marubuta damar wasa da kalmomin, su haɗa safiya da makoki a furuci ɗaya.